Ɓoyewa ko ƙarya? Gardamar masu karatun littattafan sarƙaƙiya a Kumasi

Rabi Aboabo
Salamu alaikum jama'ar zaure. Masu karatun littattafan sarƙaƙiya, ku zo ku raba mini gardama da wani marubuci. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Kejetia na sayi littafin, kuma ba zan kama sunansa ba, kada in ɓata wa mai niyyar karantawa. Wata mata ce take ba da labarin da bakinta. An tsinci gawar maƙwabciyarta, ita kuma tana ta zarge-zarge, yau mijin matar, gobe mai gidan haya. Har akwai inda take ita kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle, tana tambayar kanta wai wane marar imani ne ya yi wannan aika-aika. Sai a shafuka uku na ƙarshe ta ce ai ita ce. Ba taɓin hankali, ba mantuwa, ba maye, da saninta ta yi. To don Allah wa take yi wa waccan tambayar tunda ba kowa a ɗakin? Ni take yi wa. A wurina wannan ba gwaninta ba ce, rainin hankali ne.

Awudu Tech
Wa alaikumus salam Anti Rabi. Ai daɗin abin ke nan, an shammace ki 😂 In tun a tsakiya kin cafke mai laifi, me ya rage miki a sauran shafukan?

Rabi Aboabo
Shammata daban, ƙarya daban, Awudu. Ina son a shammace ni, don shi na ba da kuɗina.

Malam Sani Tafo
Rabi, ba ke kika fara wannan ƙorafi ba, ya girmi iyayenmu. A 1926 Agatha Christie ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd. Likitan ƙauyen da yake ba da labarin, wanda yake bin mai bincike sau da ƙafa yana taya shi aiki, shi ne ya yi kisan. Wasu masu karatu a lokacin sun ce ta ci amanarsu.

Amma ki duba yadda ta bi da abin. Likitan ya faɗi lokacin da aka kawo wa mamacin wata wasiƙa, ƙarfe tara saura minti ashirin. Ya faɗi lokacin da ya fito daga ɗakin, tara saura minti goma. Abin da ya auku cikin minti goman nan ne kawai ya tsallake, ya wuce abinsa. Agogon ma ya nuna mana, mu ne ba mu yi lissafi ba. Muka cike gurbin da kanmu, saboda mun riga mun yanke cewa likita mai natsuwa irin wannan ba zai yi ba.

Bayan shekara uku, a 1929, wani limamin Katolika ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta labaran bincike, ya jera ƙa'idoji goma. Ta farkon ta ce a ambaci mai laifi tun a farkon labari, kuma kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya leƙa cikin tunaninsa. In ta Knox za a bi, da naki da na Christie duk sun faɗi jarrabawa. Ni ban kai shi tsanani ba. Na Christie ya ci, domin shiru ta yi. Naki ya faɗi, domin an sa wa matar tunanin da ba zai yiwu ta yi shi ba. Kuma marubutan labaran laifi na Birtaniya, da ƙungiyarsu ta yi ƙuri'a a 2013, wannan na Christie suka zaɓa a matsayin wanda ya fi kowane.

Fati Sawaba
Haba Baba Malam! Littafin nan yana cikin jakata yanzu haka, ko babi biyu ban ci ba, kun fasa ƙwai 😭

Malam Sani Tafo
Fati, littafin da ya girmi 'yancin Ghana da shekara 31 ne zan yi wa rufa-rufa? Ci gaba da karatunki. Yanzu ma za ki fi mu more shi, don za ki riƙa kallon bakin likitan kina ganin inda yake kauce wa magana.

Fati Sawaba
Na ji Baba, amma ban yafe ba. Doka daga yau: duk wanda zai tona ƙarshen littafi ya fara rubuta HATTARA da manyan baƙaƙe. Wanda ya ƙi, in cire shi na mako guda, ko da ya haife ni.

Awudu Tech
To HATTARA, tun kafin a kore ni.

Baba Malam, naku na da, tambayarsu ita ce wa ya yi. Na yanzu da muke karantawa sun koma wata tambayar: wannan da yake ba ni labari, in yarda da shi ko kada in yarda? Kuma akwai hanya biyu da na ga suna bi ba tare da sun cuci mai karatu ba.

A The Girl on the Train na 2015, matar mashayiya ce, in ta bugu sai ta wayi gari ba ta san me ya faru jiya ba. Ba ƙarya take mana ba, ita ma ba ta sani ba. Tare muke lalube da ita.

A Gone Girl na 2012 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Matar ta ɓace ranar cikar aurensu shekara biyar, muna ta karanta littafin da take rubuta damuwarta a ciki, muna tausaya mata, muna tsine wa mijin. Sai a tsakiyar littafi ta fito ta ce duk shiri ne, ta rubuta shi ne don 'yan sanda su tsinta su kama mijin. Kun ga ƙaryar tana da wanda aka yi wa ita a cikin labarin. Mu leƙe muka yi a takardar da ba mu aka rubuta wa ba.

Rabi Aboabo
Yauwa! Ka ga yanzu ka zo inda nake. Ƙarya in tana da mai ita a cikin labari, na yarda. Tawa matar ba ɗan sandan da yake sauraronta, ba takardar da take rubutawa. Marubucin ne kawai ya shiga bakinta don ya ɓad da ni.

Ni tela ce, in ina son sanin aikin wani sai in juya rigar ciki waje in bi zaren. Haka nake wa waɗannan littattafai: in na gama sai in koma farko. Mai kyau, za ka tarar kowace magana tana da fuska biyu kuma duk biyun sun zauna. Wannan ina juya shi ya warware.

Awudu Tech
Shi ke nan Anti, na sauka daga kan wancan. Amma ba duka ake komawa ba fa. Wani don ya cinye maka hanyar Ankara, wato Accra, kawai aka yi shi, ka buɗe a tashar Asafo, kafin Nsawam ka rufe, ka manta da shi.

Hajiya Mariya Alabar
Sannunku 'ya'yana. Ni Turancin nan ba ya shiga kaina sosai, na Hausa nake saurare a waya ina zaune a shago, waɗanda ake karantawa a sa a YouTube. Kuma su ma suna juya mutum. Ka yi wata guda kana bin amarya kana zaginta, ashe ba ita ba ce, 'yar biyunta ce da aka sace tun suna jarirai. Ko a ce duk abin da mijin yake yi sammu ne kishiya ta yi masa. Wallahi har ciniki yana wuce ni. To wannan shi ma cuta ce a wurinku?

Malam Sani Tafo
Hajiya, kin taɓo biyu daga cikin goman Knox. Ta biyu ta hana a warware labari da abin da ya shafi gaibu. Ta goma ta hana fito da tagwaye sai in an riga an shirya mai karatu. Ashe su ma can sun sha fama da 'yan biyun da ke faɗowa daga sama a babin ƙarshe.

Ustaz Bashiru Asawase
Malam, da izininka. Dokar tagwaye na yarda da ita. Ta gaibu kuwa, don mutanensa ya yi ta. Mu nan aljani da sihiri ba abin da za a ce a cire daga labari ba ne, mai karatunmu ya yi imani da samuwarsu. Matsalar ba shigar aljani ba ce, lokacin shigarsa ne. In marubuci ya ƙulla abin da ya kasa kwancewa, sai ya kira aljani a shafin ƙarshe ya ɗora masa, wannan lalaci ne. In kuwa tun farko ya nuna mana cewa a duniyar labarinsa asiri yana ci, kuma yana da iyaka da farashi, to ya yi adalci.

Ku duba Jiki Magayi, cikin littattafan farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930. Mai kuɗi ya aure wa saurayi budurwarsa, saurayin ya tafi neman maganin ramuwa, kuma a kan ɗan da aka haifa ya sauke shi. Ba a ɓoye mana maganin ba. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne kallon yadda ƙiyayya take cin mai ita da wanda bai ji ba bai gani ba. In ba labarin zuciya ba ne wannan, mene ne?

Awudu Tech
Ustaz ya tuna mini da Tail of the Blue Bird na Nii Ayikwei Parkes, 2009. Matashi ne da ya koyo binciken gawa a Ingila, aka tura shi wani ƙauye a nan Ghana. Kayan aikinsa suka kai shi wani wuri suka tsaya, sauran sai a bakin wani tsohon maharbi da ke ba da labari ana shan bammi. Knox da ya gani da ya yaga, amma ni ban ji an cuce ni ba.

Ustaz Bashiru Asawase
Kuma kada a ɗauka bin alama a gano gaskiya daga Turawa muka koya. Ba ina haɗa Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare, amma duk ɗan makarantar allo ya san rigar Annabi Yusuf, alaihis salam. Mai shaida daga dangin matar ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne. Kafin nan ma, da 'yan'uwansa suka kawo riga da jinin ƙarya, malaman tafsiri sun ambaci cewa mahaifinsu ya lura rigar ba ta yage ba, alhali an ce kerkeci ne ya cinye shi.

In kuma ƙagagge ake so, a Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka ga gawar mace. Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo mai laifi ko a kashe shi. Mutum biyu suka fito, saurayi da tsoho, kowa yana cewa shi ne. Ashe mijin ne, ya kashe ta saboda ya ga tuffar da ya sha wuya ya samo mata a hannun wani bawa, bawan kuma ya yi masa ƙaryar ita ta ba shi. HATTARA, Fati. Bawan da ake nema na Ja'afarun ne da kansa, kuma a aljihun 'yarsa ƙarama ya ji tuffar lokacin da ya rungume ta yana ban kwana.

Fati Sawaba
Ustaz, ana rubuta HATTARA a farko ne, ba bayan an gama yanka ba 😂

Hawa Nas
Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙo sama da hamsin. Ni abin da ke ƙona mini rai a irin littattafan nan ba wanda kuka faɗa ba ne. Shi ne a ja ka shafi ɗari uku, sannan a ce ai mai kisan tana da taɓin hankali, mutum biyu ne a jikinta, ɗaya ba ta san abin da ɗaya take yi ba. Wannan shi ne aljanin Turawa. In marubucinmu ya maƙale ya kira aljani, nasu in ya maƙale ya kira ciwon ƙwaƙwalwa.

Kuma nasu ya fi illa. Masu wannan lalura da nake gani a wurin aiki, yawancinsu su ake cuta, ba su ke cuta ba. Dangi sai sun gama zagaye wajen masu magani da wuraren addu'a, wani har da tabon mari a ƙafa, sannan a kawo shi. A 2012 Ghana ta yi sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma manyan asibitocin gwamnati na wannan fanni uku ne, na Ankara, na Pantang da na Ankaful, duk a kudu. Mutum ya taso daga Bawku ko Wa, ku lissafa. A irin wannan hali, kowane littafi ya riƙa koya wa mutane cewa mai ciwon nan makashi ne?

Inda na yaba wa wancan na jirgin ƙasa da Awudu ya ambata, HATTARA, shi ne tsohon mijin. Shi yake gaya mata abin da wai ta aikata tana cikin maye, ita kuma ta ɗauka, har ta tsani kanta. Wannan kam gaskiya ne, kuma ba sai da giya ba. Mace za ta zo tana cewa Nas, ina jin kaina ya taɓu, komai na ajiye ba na ganinsa, maigida ya ce jiya na faɗi kaza ni kuma ban tuna ba. Ka zauna da ita ka ga lafiyarta ƙalau, lissafin kuɗin kasuwarta ko pesewa ba ya ɓata. A gida ɗaya ne kawai take mantuwa, kuma mutum ɗaya ne shaidar mantuwar.

Hajiya Mariya Alabar
Innalillahi. Hawa, wannan na san irinsa da idona. Allah ya raba 'ya'yanmu da mugun miji.

Malam Sani Tafo
Amin Hajiya. Hawa, maganarki ta nuna bambancin wanda ya san abin da yake rubutawa da mai shaci-faɗi. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta kashe mutum da guba, alamomin da ta bayar daidai suke. Har an yi wata ma'aikaciyar jinya a Landan a shekarun 1970 da ta gane gubar da ke cin wata jaririya saboda ta karanta kwatancinta a littafin Christie, aka ceci yarinyar. Masu rubuta ciwon ƙwaƙwalwa a yau da yawansu ko gaisawa da mai ciwon ba su taɓa yi ba.

Ɗan Nima
Gaisuwa daga Ankara, mutanen Kumasi. Tun ɗazu Landan, Amurka, Bagadaza. Namu fa? Kwei Quartey haifaffen Ankara ne, likita ne kuma, yana da ɗan sandansa Darko Dawson tun Wife of the Gods na 2009. Akwai ma littafin da ya kai shi Obuasi, nan bayan gidanku, kan masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Ku da kuke kusa ba ku karanta ba, sai mu?

Awudu Tech
Mun karanta, Yaya. Amma nasa aikin ɗan sanda ne, a bi sawu a kama. Abin da Anti Rabi take magana a kai shi ne wanda ake kulle ka a cikin kan mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa a yankinmu shi ne My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018, a Legas. Tun daga sunan an gaya maka wa ke kisa. Yayar, wadda nas ce, ita ke goge jini tana rufa wa ƙanwarta asiri. Ba ka tambayar wa ya yi, kana tambayar yaushe za ta gaji.

Hawa Nas
Kullum nas 🙄

Rabi Aboabo
Ni na daɗe ina tunanin me ya sa irin na Turawan nan ba zai zauna a Zango ba. Nasu kullum gida ne shi kaɗai a bakin daji, mata da miji ba maƙwabci, a yi kisa a binne ba wanda ya ji. Gidanmu ɗaki goma sha huɗu ne, famfo ɗaya, mita ɗaya. Tun asuba bokitai sun yi layi a ƙofar banɗaki, kowa ya san bokitin kowa. In ka ɗora nama a kurfoti, kafin ya nuna an san ka samu kuɗi. In dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, duk gida a fito tsakar gida da tabarmi, wanda bai fito ba a tambayi dalili. Ko pragya ce, keken haya mai ƙafa uku, ta sauke ka da tsakar dare, tsohuwar ɗakin ƙofa ta ji, kuma ta san takunka. A nan za ka ɓoye gawa?

Malam Sani Tafo
Gawa ba za ta ɓoyu ba, amma magana tana ɓoyuwa, Rabi. A gidan haya kowa ya sani, ba mai faɗa. Ɗan sanda ya shigo, mutum arba'in su ce barci suke. Ba don ba su da imani ba: wannan surukin wancan ne, wancan shi ya biya wa wannan kuɗin asibiti, gobe kuma a sahu ɗaya za a yi sallah. Bature bango yake ɓoye masa sirri. Mu kawaici da kunya da rufin asiri suke ɓoye mana. Marubucin da ya gane wannan ba ya buƙatar sa wa mai ba da labarinsa ƙarya a baki, al'ada ta riga ta ba shi dalilin yin shiru.

Rabi Aboabo
Baba Malam, kun sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Bari in faɗi abin da ke raina, ku duba mini.

Mai ba da labari dattijuwa ce mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a gidan haya. An shiga ɗakin uwar adashi da dare, an kwashe kuɗi, an ture ta ta faɗi, bayan kwana biyu ta cika. Dattijuwar tana ba mu labarin kowa a gidan da sunansa, har da laƙabinsa. Saurayi ɗaya ne kawai ba ta kama sunansa, sai dai ta ce yaron nan, ko na ɗakin baya. Ba ta yi masa magana kai tsaye. In ana yabonsa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Mai karatu zai ɗauka haushinsa take ji. Amma in ya zo da kwanonsa, tana sa masa ƙwai da wele, wato ganda, ba tare da ya ce ba, kuma ba inda za a ga ta karɓi kuɗinsa. A ƙarshe sai a gane ɗanta ne na fari, wanda kakarsa ta riƙe a Yendi ya dawo da girmansa. Duk wannan ɗaurewar kunyar ɗan fari ce. Kuma ta gan shi a daren. Ko sau ɗaya ba za ta yi mana ƙarya ba.

Ɗan Nima
Kai! Tsigar jikina ta tashi. Amma Anti, kin tona littafinki tun ba ki rubuta ba. Fati, kore ta.

Awudu Tech
Akwai rami ɗaya. 'Yan gidan ai za su kira ta Maman wane, da sunan yaron. Daga shafi na biyu an gama.

Rabi Aboabo
Ba a hannunta ya tashi ba, don haka da sunan ƙanwarsa aka san ta a unguwa. Wasu ma Mai Waakye kawai suke ce mata.

Ustaz Bashiru Asawase
Sai dai ki sa ta zama mai shekaru sosai. Iyayen yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa, har su sa hotonsa a waya su yi masa kirari.

Hajiya Mariya Alabar
Gaskiyar Ustaz. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce ku ce wa wancan ya zo. Ranar da zai tafi aikin hajji kowa na kuka, ita tana tsince shinkafa kamar ba ta san ana yi ba. Da dare na ji ta tana masa addu'a.

Fati Sawaba
To ai matsalar ke nan. Duk wanda ya tashi a gida irin na Hajiya zai gano tun a babin farko.

Malam Sani Tafo
Ba matsala ba ce. Wanda ya gano da wuri shi zai fi shan wuya, don zai riƙa kallon uwa tana auna kowace kalma tana kewaye ɗanta. Wanda bai gano ba kuma ba shi da bakin ƙorafi, an nuna masa ƙwai da wele.

Hawa Nas
Roƙona ɗaya, kada a ce yaron ƙwaya ta sa shi ko kansa ya taɓu. A ba shi dalili irin na mutane. Bashi, ko kuɗin tafiya Libiya.

Hajiya Mariya Alabar
Ni kuma nawa gyaran na 'yan kasuwa ne. Rabi, wace uwar adashi ce take kwana da kuɗi a ɗaki yanzu? Ni ina riƙe da adashin mutum ashirin, kafin magariba komai ya shiga MoMo, asusun kuɗi na waya. Ɓarawo ya shigo sai dai ya tafi da littafin suna.

Rabi Aboabo
Hajiya, wannan kuwa ban hango shi ba. To in mayar da labarin baya?

Malam Sani Tafo
Mayar da shi 2007, shekarar canjin kuɗi. A watan Yuli aka fito da sabuwar sidi, tsohuwa dubu goma ta koma ɗaya, aka ba mutane zuwa ƙarshen shekara suna kashe duka biyun. Lokacin ba MoMo. Duk wanda ya binne kuɗi a ƙarƙashin katifa dole ya tono su ya kai banki, kuma duk gida an san ranar da uwar adashi za ta kai nata.

Hajiya Mariya Alabar
Ƙwarai. A jakar bakko muka riƙa ɗaukar su, miliyan biyar ka dawo da sidi ɗari biyar a cikin lalita, tsofaffi suna cewa an cuce su. Amma ki sani, Rabi, jaka irin wannan mace ɗaya ba ta ƙirga ta. Dole uwar adashin ta kira wata ta taya ta a daren, su rufe ƙofa. Wa za ta kira in ba Mai Waakye ba?

Rabi Aboabo
Ke nan daga bakin uwar yaron ya ji inda jakar take. Hajiya, gobe in na rufe shago zan biyo Alabar da littafin rubutu, ki faɗa mini yadda ake ɗaure bandir ɗin tsohuwar sidi da yadda kuke rubuta sunan wanda ya zuba.